Baba Koci Na Zauren Alhaji Bello

Duk ranar Asabar, da rana ta ɗan ɗaga, mutanen wani layi a unguwar Trikania ta Kaduna sun san abin da za su gani. Ƙofar gidan nan mai koren fenti za ta buɗe, wani dattijo dogo siriri ya fito cikin shat mai dogon hannu da ta sha guga, da tsohuwar jakar kaki rataye a kafaɗarsa. Zai tsaya wajen mai ƙosai su gaisa, ya tambaye ta ciwon gwiwarta, sannan ya nufi bakin titi. Kafin ya isa, yara sun fara ɓullowa daga lunguna, wani da guntun burodi a hannu, wata tana ɗaura ɗankwali tana gudu. Sai ya tare bas, ya tabbatar kowa ya shiga, shi ne na ƙarshen hawa. Daga nan su kama titin baifas zuwa Tudun Wada.

Sunansa Wilfred Didam, mutumin wajen Zonkwa. Amma in ka ambaci wannan suna a Tudun Wada, kallonka kawai za a yi. Ka ce Baba Koci, nan take wani zai nuna maka zauren marigayi Alhaji Bello Tela. Abin da ke cikin jakar kuwa kayan ces ne, darar nan mai sarki da sarauniya da dawakai da sojoji, wadda ake bugawa a kan allo mai gidaje baƙaƙe da farare. Sauran ranakun mako gyaran keken ɗinki yake yi a ɗan shagonsa, da shi yake ci da iyalinsa. Asabar ce ta yara, kuma bai taɓa karɓar ladan koyarwa a hannun kowa ba.

A watan nan Baba Koci ya ajiye jakar. Idanunsa sun gaza, 'yarsa Debby da ke aikin jinya a Kafanchan ta zo ta tafi da shi da mahaifiyarta. Babu wanda ya kafa masa rumfa, babu wanda ya ba shi lambar yabo. To ga tamu jinjinar, tun yana da rai, tun kunnensa yana ji.

Yana saurayi ya zo Kaduna, a zamanin da masaƙun Kakuri ke aiki, jiniya na kiran ma'aikata, titi ya cika maƙil da kekuna idan an tashi. Gyaran inji ya koya a ɗaya daga cikinsu. Akwai wani Ba'indiye a sashensu, injiniya ne, wanda in an fita cin abinci sai ya zauna gefe ya shimfiɗa allo yana wasa shi kaɗai. Wilfred ya yi ta leƙe daga nesa, har ranar da mutumin ya yafito shi ya ce ya zauna. Abin da ya fara koya masa shi ne yadda ake fara wasa, irin farawar da masu ces ke kira buɗin Italiya, wadda aka daɗe ana yi tun kafin a haifi kakanninsu. Ka tura sojan da ke gaban sarki taku biyu. Ka fito da doki. Ka fito da bishof ya fuskanci sojan nan mai rauni da ke gefen sarkin abokin wasa. Sannan ka matsar da sarkinka lungu, hasumiya ta tsare shi. Ba'indiyen ya koma ƙasarsu bayan 'yan shekaru, ya bar masa allon. Har yau in Baba Koci ya ambace shi sai ya ce, "Ko sallama ta kirki ban yi masa ba, na ɗauka zai dawo."

A lokacin yana haya a gidan Alhaji Bello a Tudun Wada, shi da amaryarsa Rhoda. Alhaji tela ne mai suna, kuma gwanin dara irin tamu ta ramuka a ƙasa. Ranar da ya tarar da ɗan hayarsa a zaure ya tasa 'yan gumaka a gaba yana tunani, sai ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Injiniya, lafiya? Wannan kuma wane irin wasan yara ne?"

"Alhaji, zauna ka gwada, in ka ci ni sau ɗaya na daina."

"Ni da na gagari 'yan dara tun daga nan har Rigasa? Matsa mini."

Wilfred ya cinye shi kafin shayin da aka kawo ya huce. Alhaji ya ce a sake. Aka sake, aka kuma sakewa, har sai da aka kira magariba. Tun daga ranar, in Alhaji ya dawo daga la'asar, Wilfred kuma ya taso daga aiki, zaure ne mahaɗarsu. Yau wannan ya ɗauki fararen kaya, gobe wancan, kuma kullum buɗin Italiya ne, har maƙwabta suka haddace. Alhaji bai taɓa yarda ya kira bishof da sunansa ba. Liman yake ce masa. Wilfred ya ce bishof ne, Alhaji ya ce in dai a zaurensa ne liman ne, suka bar shi a haka. Har gobe yaran Baba Koci kowa da yadda yake kiransa, kuma kowa ya gane.

Yara suka fara taruwa kallo, daga kallo suka koma taɓawa. Allo ɗaya ba zai ishe su ba, sai Wilfred ya riƙa kawo ƙyallayen yadi baƙi da fari da ake zubarwa a masaƙa, Alhaji ya hau keke ya haɗa su gida-gida ya ɗinka alluna. Marafan kwalba suka zama sojoji, wani kafinta a layin ya sassaƙa dawakai. A wannan zauren 'ya'yan Hausawa da na Bajju da na Yarbawa da na Ibo suka riƙa gwamutsuwa a kan tabarma ɗaya, ba wanda ya damu da ranar da ɗan'uwansa ke zuwa ibada. Wilfred yana zagawa tsakaninsu hannuwa a baya. In ya ga yaro ya fito da sarauniya tun wasa bai yi nisa ba, sai ya tsuguna kusa da shi.

"Kai, in ka tashi da safe, kasuwa kake rugawa ba wando? Buɗe ƙofa tukuna. Fito da dabbobinka. Adana abin da ya fi daraja. Sannan ka fita nema."

Sai rikicin addini na shekarar dubu biyu ya zo. Ba sai an maimaita wa mutanen Kaduna abin da ya faru ba. Abin da ya shafi labarinmu shi ne, Alhaji Bello ya shigar da Wilfred da Rhoda da Debby cikin ɗakin mahaifiyarsa, ya fito ya zauna a bakin zaure da carbinsa, ya ce duk mai son shiga gidan sai ya bi ta kansa. Da ƙura ta lafa, shi da kansa ya raka su har inda jami'an tsaro suke. Gari ya rabu. Waɗanda suka yi shekaru suna ɗiban ruwa a famfo ɗaya kowa ya nemi inda nasa suka fi yawa. Wilfred ya samu ɗaki a Trikania. Ba a daɗe ba masaƙar tasu ma ta tsaya, ya koma gyaran keken ɗinki.

Rhoda ce ta ba da labarin watannin da suka biyo baya. Ta ce mijinta ba ya ƙorafi, yana cin abinci, yana zuwa coci, amma in la'asar ta yi sai ya fito da allon Ba'indiye ya jera kaya, ya tura sojan gaban sarki, ya zauna yana kallon ɗaya ɓangaren. Wata Asabar ta ga ya goge shat ya ɗauki jaka.

"Baban Debby, ina za ka?"

"Tudun Wada."

"Ka yi wa Allah ka zauna. Wa ya ce maka ana nemanka a can?"

"Ba wanda ya ce, Maman Debby. Ni ne nake neman su."

Ta ce ta bi shi har bakin titi tana roƙo, da ta ga ba zai juyo ba sai ta tsaya ta yi masa addu'a.

Mubarak, ɗan Alhaji, wanda yanzu malamin lissafi ne a wata sakandare, yana zaure ranar. Ya ce layin ya yi tsit da aka hango Wilfred. Masu hira a gindin bishiya suka bi shi da ido, wata mata ta janye ɗanta. Wilfred ya riƙa gaishe da kowa da sunansa, wasu su amsa, wasu su sunkuyar da kai. Ya yi sallama a bakin zaure. Alhaji yana kan keke yana ɗinki. Ya ɗago ya dube shi, ya cire tabarau, ya mayar, sannan ya jawo tabarma da ƙafa.

"Ka makara, Injiniya. Yau kai ne da farare."

Mubarak ya ce sun yi wasan nan har ƙarshe, kuma duk lokacin da mahaifinsa ya sunkuya zai tura kaya, sai hawaye ya ɗiga a kan ƙyallen.

Da farko Wilfred shi kaɗai yake zuwa. Daga baya ya fara bin gidajen maƙwabtansa a Trikania yana roƙon a ba shi yara. Wasu suka ce ya haukace. Wata uwa ta ce masa, "Oga Wilfred, in wani abu ya taɓa ɗana fa?" Ya ce, "Sai dai ya fara taɓa ni." Ta ba shi. Wannan yaron da aka haifa a Tudun Wada amma ya manta kamanninta, ya dawo gida yana ba da labarin wainar da matar Alhaji ta ba su. Asabar ta gaba yara uku suka bi shi. Haka abin ya riƙa ƙaruwa, har ya zama sai an tare bas.

Daga nan ne gasar ta samo asali. Duk dogon hutu, Baba Koci yakan ari babban ɗakin taro na wata firamare, a jera bencina, a shimfiɗa alluna, yara 'yan ƙasa da shekara sha shida su zo daga Tudun Wada da Unguwar Sanusi da Makera da Trikania, daga baya har da makarantun kuɗi na Barnawa. Kofin farko na roba ne, Alhaji ya saya. Doka ɗaya Baba ya fi tsanantawa: in an fara wasa ba mai magana a ɗakin, ba mai nuni, ko uba ne ko malami. Ya taɓa fitar da wani babban mutum waje saboda ya yi wa ɗansa gyaran murya. Cikin yaran da suka bi ta wannan ɗaki akwai waɗanda suka wakilci jiha, akwai likita, akwai masu gyaran waya, akwai direban tirela da har yau allon ces ke cikin motarsa. Yawancinsu sun watse, wasu Abuja, wasu Legas, wasu ƙetare. In aka ambaci ɗaya, Baba zai faɗi yadda yake wasa kafin ya tuna sunan ubansa: "Wannan ai mai son dawakai ne, ba ya iya rabuwa da su."

Alhaji Bello ya rasu shekarun baya. Kafin ya cika ya kira 'ya'yansa ya ce zauren nan ko an raba gado, Asabar ta Injiniya ce. Baba Koci ya tsaya a gefe aka yi sallar gawa, ya bi har maƙabarta. Tun daga lokacin bai ƙara zama a kusurwar da suke wasa ba. Yana koyarwa, yana gyara, amma in yaro ya ce, "Baba zo mu buga," sai ya haɗa shi da wani. Ya taɓa ce wa Mubarak, "Mahaifinka bai iya wasa sosai ba, ka sani. Amma ban taɓa samun wanda na fi jin daɗin zama gabansa ba."

Yara ne suka fara lura da idon. Wata rana ya ɗauki sarki yana bayanin sarauniya. Suka yi dariya, shi ma ya yi. Da abin ya yawaita aka kai shi asibiti, aka ce hawan jinin ido ne, kuma ya riga ya yi nisa. Ganin ya riƙa tsukewa daga gefe, har ya zama sai inuwar mutum yake gani. Bai fasa zuwa ba. Yanzu yaran ne ke riƙe hannunsa su sa shi a bas. A zaure sai ya zauna ya ce a faɗa masa abin da aka tura, ya riƙe allon duka a kansa, wani lokaci ya lalubi kayan da yatsa.

Zamani ma ya juya masa. Yaran yanzu a waya suke koyon ces, kuma abin da suka fi so shi ne tarko: yadda za ka yaudari abokin wasa ka gama da shi cikin ƙiftawar ido. Sai su zo suna zumuɗi, "Baba, ka ga wannan? Taku kaɗan an gama!" Shi kuma ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Yana da kyau. To in bai faɗa ba fa, me ya rage maka?" Wasu suka fara ganin buɗin Italiya tsohon yayi ne. Bai yi fushi ba, sai dai Rhoda ta ce yakan dawo gida shiru.

Cikin 'yan bayan nan akwai Saratu, yarinya 'yar shekara sha uku daga Unguwar Sanusi, mahaifiyarta awara take soyawa a ƙofar gida. Ba ta da waya, don haka abin da Baba ya faɗa shi ne karatunta. Ba ta da saurin ganewa kamar wasu, amma in ta zauna gaban allo ko an yi tsawa ba ta ɗagowa. A gasar bana, wadda kowa ya san ita ce ta ƙarshe ga Baba, ta yi ta cin wasanninta har ta kai na ƙarshe. Wanda za ta kara da shi Harrison ne, ɗan wata makaranta a Barnawa, yaro mai kaifin kai wanda bai taɓa zama gaban malamin ces ba, duk a waya ya koya. Ya ɗan fi ta maki, saboda haka shi ko canjaras aka yi kofi nasa ne, da kujerar zuwa gasar matasa a Abuja. Ita kuwa sai ta ci.

Ranar an wuni ana yayyafi. Mubarak ne alƙalin wasa. Ya kama hannun Baba zai kai shi kujerar gaba, sai Baba ya tsaya.

"Me zan gani a can, ɗana?"

"Baba, zan zauna kusa da kai in riƙa raɗa maka abin da suka tura. Ba wanda zai ji."

"Yarinyar za ta ji. Yaron ma zai ji, ya ce ana taimakon ta. Ni na kafa dokar nan, ba ni zan karya ta ba. Kai ni baranda."

Haka mutumin da ya kafa gasar ya zauna a waje a kan benci, sanda tsakanin gwiwoyinsa, ruwa na zuba daga bakin kwano a gabansa, ana buga wasan ƙarshe na ɗalibarsa ta ƙarshe a bayan bango. Wanda ya zauna kusa da shi ya ce leɓunansa sun yi ta motsi, yatsunsa na tafiya a kan cinyarsa kamar mai tura kaya. Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Da Alhaji na nan, da yanzu ya leƙa ta taga ya dawo ya yi mini ƙarya cewa muna ci."

Wasan ya daɗe. Daga ƙarshe aka ji ɗakin ya ɗauki hayaniya, sai tafi. Saratu ta fito a guje, ta durƙusa gabansa ta kifa kai a gwiwarsa tana kuka. Canjaras aka yi. Ta fi ƙarfin Harrison, ta cinye masa kusan komai, har sojanta ya kai ƙarshen allo ya zama sarauniya. Sai ɗoki ya ɗebe ta, ta matse sarkinsa ta yadda ba shi da gidan zuwa alhali ba ta kai masa hari ba. A dokar ces, wannan ba ci ba ne.

Baba ya bar ta ta yi mai isarta, sannan ya dafa kanta.

"Share hawayenki. Faɗa mini wasan tun daga farko, ni ban gani ba."

Ta fara. Ita ce da farare. Sojan gaban sarki, shi ma haka. Doki, shi ma doki. Ta fito da liman. Sai Harrison ya sake ɗaukar dokin nan nasa ya yi tsalle da shi tsakiyar allo, ya bar sojansa ba mai tsaro.

"Tsaya," in ji Baba. Ya san tarkon. In ta ci sojan, sarauniyar yaron za ta faɗo mata, kafin ta farga an gama. "Kin ga sojan?"

"Na gani, Baba."

"Kin so ki ci?"

"Hannuna har ya tashi."

"Sai me?"

"Sai na tuna sarkina yana waje. Na kai shi lungu tukuna."

Baba Koci ya jingina da bango ya yi dariya, irin wadda aka daɗe ba a ji daga bakinsa ba, hawaye na bin kuncinsa. Ya sa ta ci gaba, ta kawo wasan taku bayan taku, yana gyaɗa kai, wani wuri ya ce "madalla", wani wuri ya ce "kash". Da ta iso kuskuren ƙarshe sai ta tsaya. Ya ce, "Wannan kowa sai ya yi shi. Ni na yi wa Alhaji, ya yi mako yana ba da labari a masallaci. Zai yi miki ciwo, kuma ba za ki ƙara ba."

Suna haka sai ga Harrison da kofinsa, ya tsaya nesa kaɗan yana jin kunya. Mubarak ya matso da shi. Yaron ya rusuna ya gaida Baba, ya ce, "Yallaɓai, tunda na fara tarkon nan ba wanda ya ƙi faɗawa sai ita. Daga nan ban san abin yi ba. Ina so in koyi yadda ta yi."

Fuskar Baba ta washe. "Ba wahala, ɗana. Ka zo Tudun Wada ranar Asabar, ka tambayi zauren Alhaji Bello, zan..." Sai ya tuna an riga an ɗaure kayansa. Ya ɗan jima yana murza kan sandarsa, sannan ya ce, "Ka zo dai. Za ka tarar da mutane."

Baba Wilfred, kai ne ka hau bas ka koma layin da kowa ya ce kada ka koma, ba da rakiya ba, ba da takarda daga wata hukuma ba, sai jaka a kafaɗa. Kai ne ka roƙi iyaye 'ya'yansu, ka kai su, ka dawo da su lafiya shekara da shekaru. Kai ne ka koya wa yaran da aka haifa bayan gari ya rabu cewa a ɗaya unguwar ma akwai mai sunan da za su riƙa tunawa. Dogo na Rhoda, aminin Alhaji, mai Asabar. Ba ka taɓa buga gasa ko ɗaya da sunanka ba, ba ka taɓa ganin Abujar da kake tura yara ba. Da yawa cikin waɗanda ka koyar sun tafi ba su waiwayo ba, kai kuma ba ka daina tambayar labarinsu ba. Mun gode. Allah Ya saka maka, Ya sanyaya idanunka, Ya ba ka tsawon rai cikin jikokinka.

Mu kuma da muka rage, kada mu tsaya a yabo. Mubarak ya karɓi jakar, amma shi a Tudun Wada yake, kuma har yanzu ana neman babba ɗaya a Trikania da zai riƙa tare bas ya rako yara. Ba sai wanda ya iya ces ba. Duk wanda ya taɓa zama a kan tabarmar nan, ko yana Legas ne, ya tuna hanya. Wanda kuma Allah Ya ba wata sana'a ko wani ilimi, ya duba layinsu, akwai yaran da ke jiran wanda zai ce musu su zauna.

Asabar da ta wuce, ana tsakiyar darasi, wayar Mubarak ta yi ƙara. Debby ce, ta ce Baba ya hana ta sakat tun safe. Ta miƙa masa. Ya tambayi ko an share zauren, aka ce an share. Ya tambayi Saratu, aka ce ga ta nan. Ya tambayi yaron Barnawa, aka ce ya zo, mahaifinsa ne ma ya kawo shi, yanzu haka su biyun ne a kan allo ɗaya. Mubarak ya ce bari ya tara yaran su gaishe shi.

"A'a, kada ka tashe su," in ji Baba Koci. "Ajiye wayar kusa da su kawai, ka ci gaba da aikinka. Ina nan ina ji."